SAMARIN BAGUDO DA BAKIN TEKUN KWATANO

Duk wanda ya taɓa yini a Tsamiya ko ya kwana a Lolo ya san cewa hanyar kudu ba ta barci. Daga Bagudo, da Ka'oje, da Illo, da Zagga, da ƙauyukan da ke zube a gaɓar Kwara, samari ne ke ta kwarara zuwa Jamhuriyar Benin, wasu ta Segbana su faɗa Kandi, wasu ta Madekali su ɓulla Malanbil, daga nan kowa ya hau kwalta ɗaya wadda ta ratsa Paraku ta miƙe har Kwatano, tafiyar da ta haura kilomita 600. Wani albasa ya bi, wani shanu da raguna, wani yaron mota ne, wani kuwa aikensa aka yi ya taho da motar da maigidansa ya saya a tashar jiragen ruwa. Waɗanda ba su bi ta Benin ba sun bi ta Yawuri da Kontagora sun sauka Legas, suna can Mile 12 da Agege suna neman halaliyarsu. Rufe iyakokin da gwamnatin Buhari ta yi a watan Agusta 2019 ya rage wannan zirga-zirga, amma bai yanke ta ba, domin zumuncin Dendawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan da ke tsallaken nan da tsallaken can ya girmi layin da Ingila da Faransa suka shata a birnin Paris a 1898.

To, abin lura shi ne, in yaro ya dawo daga wannan tafiya, kafin ya kwance tsaraba, kafin ma ya gama gaida tsofaffi, abin da zai fara zarowa shi ne waya. Ga shi nan tsaye a bakin teku, ya naɗe ƙafar wando, ya sa baƙin gilashi, ruwa ya yi fari fat a bayansa. Kafin la'asar hoton ya zaga majalisa, ya hau Facebook da TikTok, ƙannensa kuma da ba su taɓa wuce Koko ba sun ƙudurta a zuci cewa su ma sai sun je. Saboda haka ne tambaya ta yawaita a wuraren ta'alimi: shin ya halatta ɗan uwa ya je bakin teku yawon buɗe ido?

Amsa iri biyu ake ji. Akwai masu cewa wuri ne na shaiɗanu, matattarar giya da tsiraici, duk wanda ya taka shi ya zubar da tarbiyyarsa, a rufe maganar kawai. Akwai kuma masu cewa haba, mutum ya sha wahalar hanya kwana biyu a bayan tirela, shan iska kaɗan ma sai an nemi fatawa? Na farko sun faɗi rabin gaskiya, na biyu ma haka, amma dukkansu sun amince da wata ƙarya guda ba tare da sun ankara ba, wato cewa bakin teku mallakin masu kiɗa ne da masu kwalba. Na farko sun sallama musu shi sun gudu, na biyu sun je musu baƙunci bisa sharuɗɗansu.

Teku na Allah ne. Ɗan uwan da ya karanta Suratul Kahfi yau Juma'a kafin ya taho masallaci bai daɗe da rabuwa da bakin teku ba, domin a cikinta ne aka ba da labarin Annabi Musa (AS) ya ɗaura niyyar tafiya, ko da za ta ci shekaru, har sai ya kai mahaɗar tekuna biyu, kuma ba hoto ya je ɗauka ba, ilimi ya je nema a wajen wani bawan Allah. A Suratun Nahli Allah Ta'ala ya lissafa teku cikin ni'imomin da ya hore wa ɗan Adam, a ci ɗanyen nama daga cikinsa, a fitar da kayan ado, jirage su keta shi a nemi falala. Da wasu matafiya suka tambayi Manzon Allah (SAW) ko za su iya alwala da ruwan teku, ya tabbatar musu da cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, abin da ya mutu a cikinsa kuma halal ne. Alƙur'ani ya yi ta nanata umurnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Wanda ya tashi a sahel, iyakar ruwan da ya sani shi ne Kwara da tafkunan fadama, in ya tsaya gaban ruwan da ba ya ganin tsallakensa, yana ruri dare da rana ba wanda ke tura shi, to akwai wani abu na sanin girman Allah da zai shiga zuciyarsa wanda wa'azin shekara guda bai cika shigar da shi ba. Wa ya isa ya haramta wannan?

Amma fa kada masu son shan iska su yi saurin murna. Ɗan uwan da ya sauka Fijirose a Kwatano ranar Lahadi da yamma, ko ya biya kuɗin shiga Elegushi a Legas ranar yawon Sallah, ba teku zai tarar ba, kasuwa zai tarar. Lasifikoki sun danne kukan ruwan, rumfunan giya sun jeru, maza da mata sun cakuɗe cikin shigar da ko a ɗaki ba kowa ke yarda a gan shi da ita ba. Manzon Allah (SAW) ya hana Sahabbai zama a bakin hanya, da suka ce ba su da makawa sai ya gindaya musu sharuɗɗa: runtse ido, da kame cutarwa, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani da mummuna. Wannan fa hanyar Madina ce, a zamanin Annabi. To ina ga Fijirose ranar Lahadi? Wane ido ne zai runtsu a can, sai dai in mutum zai yi tafiya da sanda kamar makaho? Mai cewa shi zuciyarsa tana da ƙarfi, kallo ba ya yi masa komai, ya tuna cewa kowa ma da haka ya fara. Magariba za ta faɗi yana rike da kwakwa yana tsotsa, ya ce sai an koma masauki, daga nan a haɗa ta da isha'i, daga nan gajiya ta ɗauke shi. Kuɗin albasar da aka ba shi amana kuwa an taɓa kaɗan, da niyyar a cike gurbin daga baya.

Abin tausayi kuma, da yawa daga masu jan dawaki da masu gasa tsire a waɗannan wurare 'yan Arewa ne. Su ne ke ɗora 'yan matan mutane bisa doki su ja linzami. Neman abinci ne, ba wanda ya ce a zauna da yunwa, amma wanda sana'arsa ta ɗaure shi a irin wannan wuri kullum ya fi kowa buƙatar 'yan uwa su riƙa leƙa shi.

Sai kuma maganar ruwan kansa, wadda ta fi kowace gaggawa, domin wanda ya yi saɓo yana iya tuba, wanda ruwa ya ci kuwa littafinsa ya rufe. Yaron gaɓar Kwara yana da wani girman kai game da ruwa. Tun yana ɗan shekara bakwai yake faɗawa kogi, ya tashi cikin Sarkawa, ya san kwale-kwale, ya san taru, wataƙila ma ya taɓa shiga gasar Argungu. In ya ga mutanen birni suna tsalle-tsalle a ruwa iya gwiwa sai dariya ta kama shi, ya tuɓe riga don ya nuna musu yadda ake yi. Abin da bai sani ba shi ne, kogi da teku ba tarbiyyarsu ɗaya ba. Kogi gaba yake tafiya, yana da gaɓa biyu, in ya fi ƙarfin mutum sai ya sakar masa jiki ya karkata a hankali har ya kai ganga can ƙasa. Teku gaɓa ɗaya gare shi. Raƙuman ruwan da ke bugun yashi suna tara ruwa a baki, ruwan nan kuma dole ya koma, sai ya nemi wata siririyar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙasa ya kwarara ciki da gudun da yakan fi ƙarfin gwanin iyo na duniya. Babbar yaudarar ita ce, daidai wannan kafa ruwan ya fi kwanciya a ido, ba kumfa, ba hayaniya, shi ya sa baƙo yakan zaɓe ta. In ta ɗauke shi sai ya juya yana iyo zuwa ganga kai tsaye, yana kokawa da abin da ba a kayarwa, har ƙarfinsa ya ƙare. Masana ruwa suna cewa mafita ita ce kada a yi kokawa, a yi iyo a gicciye, wato a bi tsawon gaɓa har a fita daga kafar, sannan a nufi tudu. Amma wanda ya sha ruwan gishiri sau biyu, ya waiwaya ya ga mutane sun koma kamar tururuwa, da wuya ya tuna da wannan karatu. Gaɓar Kwatano da ta Legas kuma masu gangare ne, taku uku mutum yana iya gwiwa, na huɗu ƙasa ta ɓace.

Ko wanda bai shiga ba ma bai tsira ba in ya sake. A watan Agusta 2012, daf da Ƙaramar Sallah, teku ya yi toroƙo ya afka wa bakin ruwan Kuramo a Legas ya tafi da mutum fiye da goma. Jihar Kebbi kuwa ba ta buƙatar a koya mata zafin ruwa, domin har yanzu ba a manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu 2021 da mutane masu yawan gaske ba. Gaskiya ne hadisi ya sanya wanda ruwa ya ci cikin shahidai. Amma Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa ga halaka da hannunsa, kuma akwai nisa tsakanin masuncin da ya fita nema wa iyali abinci da saurayin da ya faɗa don a ɗauke shi a waya. A tuna da uwar da za a je wa da riga da takalma kawai, a ce mata gawar ma ba a gani ba.

Yanzu a dawo kan tambayar da ba a cika yi ba. Me ya sa sai an biya kuɗi kafin a ga teku? Wa ya sayar da shi, wa ya saya? Hadisi ya zo cewa mutane abokan tarayya ne cikin abubuwa uku, ruwa da makiyaya da wuta. A Legas akwai Bar Beach, wanda shekara da shekaru talaka yana zuwa da iyalinsa ba tikiti ba mai gadi. Ba wai wurin ya taɓa zama mai tsarki ba ne. A nan ne gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, a nan aka ɗaure Ishola Oyenusi aka harbe shi ranar 8 ga Satumba 1971 dubban mutane suna kallo kamar wasan ƙwallo, a nan kuma aka harbe wasu daga cikin sojojin da aka samu da hannu a juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala Muhammad a 1976. Duk da haka na kowa ne. Yau babu shi. Turawan mulkin mallaka sun gina katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen Legas tsakanin 1908 da 1912 don jiragensu su sami hanyar kwasar gyaɗa da auduga da kuza, katangun nan suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, sai teku ya shiga cin Bar Beach shekara bayan shekara har ya kai yana hawa titin Ahmadu Bello. Maganin da aka kawo shi ne a miƙa wurin ga kamfanin iyalan Chagoury, a cike teku da yashi, a gina sabon birni mai suna Eko Atlantic wanda ake sayar da filayensa da dala. A cikinsa ne Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a 2022. An ceto gaɓar, an kori mai ita.

Ba a nan aka fara ba, ba a nan aka tsaya ba. A watan Yuli 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya sa katafila ta bi ta kan Maroko, mutum wajen 300,000 suka wayi gari a titi cikin damina, filin kuma ya koma unguwar masu hali. Tsakanin 2016 da 2017 aka ƙone aka rushe Otodo Gbame, garin masunta, a watan Janairu 2020 kuma sojojin ruwa suka fatattaki mazauna Tarkwa Bay. A Benin ma haka zancen yake. Gwamnatin Patrice Talon ta ɗauki gaɓar da ta taso daga Kwatano zuwa Wida ta ce za ta mai da ita wurin 'yan yawon buɗe ido, da otal-otal da layukan itatuwan kwakwa, kuma a watan Disamba 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan dubban mutanen da aka tasa daga unguwanni da ƙauyukan bakin teku tun 2021, akasarinsu masunta. Mai karatu ya koma Suratul Kahfi. Jirgin da bawan Allah ya huda na wasu miskinai ne masu aiki a teku, dalilin hudawar kuwa shi ne akwai wani sarki a gabansu da ke ƙwace kowane jirgi da ƙarfin tsiya. Sarkin nan bai mutu ba, kwat kawai ya sa. Abin dariya, da katafila ta juyo kan wurin shaƙatawa na Landmark a watan Afrilu 2024 don a yi titin Legas zuwa Kalaba, sai jaridu suka cika da kuka, aka yi ta maganar diyya da asarar jari. Ashe rusau yana da zafi!

Saboda haka kuɗin da saurayin Bagudo ke miƙawa a ƙofa ba kuɗin ganin halittar Allah ba ne. Ladan wanda ya katange ta ne.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, wanda ba don shi ba da ba a ɓata tawada a kan wannan magana ba. Kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano akwai garin Wida. Daga tsakiyar garin wata hanya ta kilomita 4 ta miƙe zuwa bakin teku, a ƙarshenta an gina wata babbar ƙofa a 1995 da hannun hukumar UNESCO, ana kiranta ƙofar da ba a dawowa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan ɗaya aka loda a jirage daga wannan gaɓa cikin shekaru kusan ɗari biyu, har zuwa shekarun 1860. Fotugal da Faransa da Ingila kowacce tana da ganuwarta a garin. Babban dillalin wurin a ƙarni na 19, Francisco Félix de Souza, wanda ake wa laƙabi da Chacha, aminin Sarki Gezo na Dahome ne, har yau filin da aka riƙa cinikin mutane yana ɗauke da sunansa. Ko jirgin ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka, mai suna Clotilda, daga Wida ya ɗauko mutum 110 a 1860. A kan hanyar akwai inda ake nuna wa baƙi gurbin wata itaciya, wadda bisa ga abin da mutanen garin ke faɗi ake sa maza su kewaya ta sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta da sunansu da garinsu da abin da suke bauta wa.

Su wa aka sa kewaya itaciyar? Ba wasu baƙi ne daga wata duniya ba. Illo tsohuwar mashiga ce ta fataken goro, masu tasowa daga Kano da Katsina su biyo ta Jega su ƙetare Kwara su bi ta Kandi da Jugu har Gwanja. Hanyar da ta kai goro arewa ita ce ta gangarar da mutane kudu. Akwai wani saurayi Musulmi ɗan Jugu, Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, wanda Turawa ke rubuta sunansa Baquaqua, mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kama shi wajen 1845, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har gaɓar Wida, aka kai shi Farnambuko a ƙasar Burazil. A 1847 jirgin da yake bauta a cikinsa ya je New York ya samu ya tsere, ya faɗa hannun 'yan mishan a Haiti suka mai da shi Kirista, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Detroit. Jugu fa ba nisa gare ta da Paraku ba, inda direbobin Kebbi ke tsayawa shan shayi. Da a yau aka haife shi, da wataƙila yana cikin masu lodin albasa.

Amma itaciyar ba ta ci kowa ba, alhamdu lillahi. A lardin Bahiya na Burazil, Hausawan da aka kai sun hana masu gonakin rake barci. A 1807 aka bankaɗo shirinsu na tawaye a birnin Salbado, a 1809 suka tashi, a watan Fabrairu 1814 kuma suka afka wa sansanonin kamun manyan kifayen teku a Itapuwa suka banka musu wuta, jagoransu kuwa takardun 'yan mulki sun kira shi "malomi", wato malam. Itapuwa yau ɗaya ce daga mashahuran wuraren wanka na Burazil. Sai babban yunƙurin daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramalana, lokacin da Musulmi wajen 600, mafi yawansu Yarabawa tare da Hausawa da Nufawa, suka fito titunan Salbado da fararen riguna da takubba. Cikin malamansu akwai wani Bahaushe da ake kira Dandara. An karya su a bakin ruwa, wasu dawakai suka tattake, wasu suka faɗa teku suka nutse, a jikin gawawwakin kuma aka tarar da takardu da ayoyin Alƙur'ani da suka rubuto da ka. Mutanen da ke bauta tun asuba har dare, ba allo, ba makaranta, ba 'yanci, suka riƙe karatu da salla da azumi, suka shirya kansu a asirce. Daga baya aka kwaso ɗaruruwa aka maido su gaɓar Afirka. Zuriyar waɗanda suka dawo daga Burazil su ne suka bar babban masallacin Porto-Novo mai ginin irin na Bahiya, wanda ke tsaye har yau, mai tafiya Legas ta Seme yana iya ratsewa ya yi nafila a ciki.

Kada kuma a ɗora wa Bature laifin duka a wanke hannu. Shi ya kawo jirgi da bindiga da barasa, amma ba shi ya hau doki ya kewaye ƙauyuka ba. Sarakuna ne da dillalai baƙar fata, cikinsu har da masu salla. Bautar da Musulmi 'ya'ya yana cikin manyan abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkari a kansu. Gimbana, garin Malam Abdussalami, tana nan cikin ƙasar Kebbi ta yau, kusa da Jega. Rundunar Gobir ce ta afka mata ta ɗaure malamai da almajirai, ta biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Kuma gaskiya ɗaya ce, yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun zubar da kamammu daga kowane ɓangare zuwa kasuwannin kudu, shi ya sa Hausawa suka yawaita a Bahiya daidai waɗannan shekaru. Wanda ya tsaya a gaɓar Wida ya kamata ya ji kunya biyu, ta abin da aka yi wa kakanninsa da ta abin da wasu kakanninsa suka yi.

A wannan gaɓar ce yanzu ake gina otal da wuraren nishaɗi, har da kwaikwayon jirgin bayi don baƙi su shiga su ɗauki hoto. A nan ne kuma kowane watan Janairu ake taron bikin bodun, addinin gargajiyar mutanen yankin, wanda gwamnati ta ƙara wa armashi tun 2024 da mawaƙa da makaɗa don jawo 'yan kallo. Addininsu ne, ƙasarsu ce, ba wanda ya aiki ɗan uwa ya je ya tsokani kowa. Amma wurin da ake yanka don wanin Allah ba wurin kallon mai tauhidi ba ne, ko da kyauta ne, ko da abokan tafiya duk sun tafi.

To, mene ne abin yi? Wanda ya je Kwatano ya gama abin da ya kai shi, ya nemi 'yan uwa biyu ko uku a Zongo, kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya bi ayarin da ya san inda za su ƙare. Su fita bayan sallar asuba a ranar aiki, lokacin da masu kiɗa ke barci, masunta kuma ke jan taru da waƙoƙinsu, wanda shi kansa abin kallo ne ga ɗan gaɓar Kwara, yana iya kama musu igiya ma su ba shi na miya. Tufafi su rufe daga cibiya zuwa gwiwa ko da za a taɓa ruwa, ruwan kuma kada ya wuce idon sawu ga wanda ba a nan ya tashi ba. In salla ta riske su, ga ruwan alwala nan ba iyaka, alƙibla kuma gabas ce da ɗan karkata arewa, wato teku yana hannun dama. Kuɗin da za a kashe a ƙofa da doki da hoto ya isa kuɗin mota zuwa Wida da dawowa. Su taka kilomita huɗun nan da ƙafa, kada su hau babur, su isa ƙofar, su yi wa Musulmin da aka fitar ta nan addu'a kamar yadda ake yi a maƙabarta. Masu kula da ta'alimin matasa a Bagudo da Ka'oje da Illo su ma suna da aiki. In ana shirya wa yaro guzurin tafiya ana koya masa hukuncin ƙasaru, a haɗa masa da labarin Gimbana da na Dandara, a kuma gaya masa yadda teku ke jan mutum.

Maganar ma tana ƙara matsowa gida. A watan Oktoba 2024 aka ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068, wanda ya taso daga Illela ya ratsa Jihar Kebbi. In Allah ya sa an gama shi, tafiyar da ke cin kwana biyu za ta koma ta yini guda, yaran da yanzu ke kallon hoton yayyensu kuma za su riƙa zuwa da kansu cikin hutun Sallah. A inda titin zai ƙare, a Badagiri, akwai wurin shaƙatawa na Suntan mai rumfuna da lasifika. Akwai kuma tsibirin Gberefu, wanda ake shiga da kwale-kwale, inda wata hanyar yashi ta ratsa ta gefen wata tsohuwar rijiya da aka ce ana shayar da bayi daga cikinta, ta miƙe har inda jirage ke jira.